Makarantar Kyauta, Wa Ke Biya? Tarihin Karatun Ɗan Talaka a Bakin Komadugu

A hutun da ya wuce, da na sauka gida Diffa bayan doguwar tafiyar nan ta kilomita sama da 1,300 daga Yamai, Kawuna ya miƙo mani wani tsohon kaye da bangonsa ya sha hannu, ya ce, "Ɗana, tunda ku ne masu karatun harsuna, duba ka faɗa mani da wane harshe aka rubuta wannan." Na buɗe, sai na tarar lissafi ne zalla. Alli kwali ɗaya, kuɗi kaza. Zana goma, kuɗi kaza. Gero tiya biyar, sukari, tabarmi, gyaran randa. Tun daga watan Nuwamba na 2015 har zuwa bana. A bango kuwa ya rubuta da manyan baƙaƙe, cikin Faransanci, wai makarantar kyauta. Na ce, "Kawu, ai wannan harshen bashi ne." Ya yi dariya har da tari, ya ce to je ka bincika, ko an taɓa yin makarantar kyauta a ƙasar nan wadda ba a rubuta ta da wannan harshe ba.

Binciken ne na kawo maku, ƴan uwa ɗalibai. Ni ba masanin tarihi ba ne, ɗalibin kimiyyar harshe ne, don haka za ku ga ina yawan tsayawa a kan kalmomi. Ku yi haƙuri da ni.

Tsangaya

Yawancinmu in an ce tarihin makaranta a Nijar, sai mu fara daga zuwan Nasara. A bakin Komadugu wannan kuskure ne babba. Musulunci ya shiga fadar Kanem tun ƙarshen ƙarni na 11, zamanin Mai Hume. A ƙarni na 13 mutanen Kanem har masauki da makaranta suka kafa a birnin Alƙahira don ɗalibansu da mahajjata, kuma masanin tarihin Masar al-Maƙrizi ya ambace ta. A ƙarshen ƙarni na 15 Mai Ali Gaji ya gina Birnin Ngazargamu kusa da wannan kogi namu, a ɓangaren da yau ya faɗa jihar Yobe ta Najeriya, kuma birnin ya zauna cibiyar malamai har aka ci shi da yaƙi a 1808. Shi ya sa har gobe in Bahaushe ya ce wane ya tafi gabas, an san haddar Alƙur'ani ya tafi nema a ƙasar Barno.

Harshen Hausa ma ya riƙe shaidar wannan. A 1960 masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmomin "karatu" da "rubutu" ta hannun Barebari suka shigo Hausa, haka ma "kasuwa". Ita kanta "tsangaya" daga can take. Ni da ubana Bahaushe ne, uwata Bamangiya, ranar da na fara jin wannan a aji sai da na kira Inna a waya na faɗa mata. Ta ce, "Sai yau ka sani?"

Tsangaya ba ta da kuɗin rajista, ba ta tambayar ɗan wane ne kai. Allo itace ne, tawada gawayi ne da ƙaro, alƙalami kara ne, fitilar dare kuwa itacen da almajirai suka yo da kansu. To amma wa ke ciyar da malam, wa ke ciyar da kolo? Nan lissafin yake. Sarakunan Barno suna ba manyan malamai takardar da ake kira mahram, wadda ke ɗauke masu haraji da aikin sarki, wani lokaci har da ƙasar noma. Almajirai suna yi wa malam noma da damina. Iyaye suna aiko da kuɗin Laraba da zakkar hatsi. Matan gari kuma kowace da almajirinta da take zuba wa tuwo a akushi. Wato gari ne gaba ɗaya ke biya, kowa da ɗan abin da ya iya, shi ya sa ba a ganin kuɗin.

Akwai kuma abin da ya fi jan hankalina. Malaman Barno ba su bar Larabci ya tsaya shi kaɗai ba. A tsofaffin kwafe-kwafen Alƙur'ani na Barno, har da wanda ke ɗauke da shekarar 1669, an sami fassara da aka rubuta tsakanin layuka cikin wani tsohon harshen Kanembu. Jikan wannan harshe, wanda ake kira Tarjumo, har yau malamai na amfani da shi wajen fassara. Ke nan ɗaruruwan shekaru kafin a haifi UNESCO, mutanen kogin nan sun gane cewa baƙon harshe sai an yi masa gada da na gida.

Ba na cewa tsangaya aljanna ce. Akwai bulala, akwai yunwa, kuma ƴaƴa mata ba su cika yin nisa ba. Babban rauninta shi ne ta jingina da rumbun manomi. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, tafkin Cadi ya ja baya, rumbu ya zama wayam, sai almajiranci ya gangaro birane ya koma bara tsagwaronta. Abin da muke gani yau a tasha ragowar tsari ne da aka zare masa ginshiƙi.

Lakwal

A ƙarshen 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Joalland da Meynier suka iso N'Gigmi, a watan Afrilu na 1900 aka kashe Rabe a Kuseri. Daga 1906 zuwa 1908 Faransa da Ingila suka aiko masu awo suka shata iyaka, Komadugu ta zama layi a taswira. Dangi ɗaya, kogi ɗaya, amma ɗan wa zai yi boko da Ingilishi a kudu, ɗan ƙane da Faransanci a arewa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lakwal ɗin Nasara ita ma kyauta ce a baki. Ba a karɓar ko dala a ƙofa. Amma da harajin talaka aka gina ta, da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Kuma ba don ɗan talaka aka yi ta ba: tafinta da akawu da malamin asibiti ake nema, ƴan kaɗan da za su riƙe wa kumandan aiki. Ana aiko wa sarki da adadin yaran da zai kawo, shi kuma sau da yawa sai ya ɓoye nasa ya miƙa ɗan bara ko maraya. Abin dariya, abin kuka: ta wannan hanya ce wasu ƴaƴan talakawa suka fara shiga aji, ana kuka a gidansu kamar an yi mutuwa, daga baya suka zama manyan ma'aikata.

A cikin ajin kuwa harshen uwa laifi ne. Kawu ya riski abin nan da ake kira sambol, wani ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa duk yaron da aka ji ya yi Barbarci ko Hausa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi, don wanda abin ya kwana a wuyansa shi zai sha duka. Yaro ya koyi abu biyu ke nan: harshen gidansu abin kunya ne, kuma abokinsa abin leƙe ne.

Mutane ba wawaye ba ne, sun ba abin suna. Da yawanmu mun taso muna jin wai "boko" daga kalmar Ingilishi ta littafi aka aro ta. Paul Newman ya nuna a 2013 cewa ba haka ba ne: tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaskiya ba, kamar amaryar boko da ake ɗora wa doki a ruɗi jama'a alhali amaryar gaskiya ta bi wata hanya. Hukunci ne kakanninmu suka yanke wa makarantar da ba ta jin maganarsu. Da aka sami mulkin kai a 1960, yaran Nijar da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba.

Makarantar gwamnati

Shugabannin farko malaman makaranta ne, Diori Hamani da Bubu Hama duk sun riƙe alli. A 1964, shekarar da aka mai da Diffa ɗaya daga jihohi bakwai na ƙasa, Abdu Mumuni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya dage a koyar da yara cikin harsunansu. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako aka tsara baƙaƙen rubuta harsuna da dama, har da Hausa da Kanuri da Fulatanci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Kanuri. Binciken da aka yi ta yi a kansu ya nuna yaran ba su baya, sau da yawa ma sun fi. Amma sunan "gwaji" ya bi su shekara da shekaru. Ni dai ban taɓa jin tuwon da aka yi shekara ashirin ana ɗanɗanawa ba a ci ba.

Sai tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990 ya zo, bisa sharuɗɗan Bankin Duniya da asusun IMF. Kowane ɗalibi a nan ya san 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe ƴan uwanmu uku a gadar Kennedy. Bayan ta aka sha yajin aiki, albashi ya maƙale, shekarun karatu suka lalace. A 1998 aka yi dokar LOSEN, wadda ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, ta kuma buɗe ƙofa ga harsunan gida. Don a cika azuzuwa da kuɗi kaɗan sai aka koma ɗaukar malaman kwantaragi, masu ƙaramin albashi da gajeren horo. Shugaba Tanja Mamadu, ɗan Maine-Sorowa, ya gina azuzuwa da ƙananan gidajen magani a ƙauyuka ta shirinsa na musamman. Yara sun ƙaru a aji ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma da aka yi awon PASEC a 2014, cikin yaran Nijar da ke gama firamare, waɗanda suka kai matsayin da ake so a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba.

A wannan makarantar na yi nawa karatun, kuma na gode wa malamaina. Ba a taɓa karɓar kuɗin makaranta a hannun Baba ba. Amma shi ya sayi kaye da bik da arduwazi, shi ya biya karo-karon kwamitin iyaye, shi ya kawo zana duk farkon shekara don a kafa rumfar aji. Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa: yaron da ke aji ba ya gonar tattasai lokacin tsinka, yarinyar da ke aji ba ta ɗauki farantin talla ba. Ga mai albashi wannan ba komai ba ne. Ga wanda abincin darensa ke cikin farantin nan, shi ne kuɗin makaranta mafi tsada.

Rumfar Kawu

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Diffa. Ina da shekara goma sha biyu. Cikin ƴan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka taƙaita cinikin tattasai da bandar kifi, wato abin da ke ciyar da jihar. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafki. Kafin ƙarshen shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce makarantu sama da 150 sun rufe a jihar, yara fiye da 12,000 sun rasa aji. Bayan harin Boso na watan Yunin 2016 kuwa, duk wanda ya bi kwalta ya ga bukkoki dama da hagu iya ganin ido. Wasu sun tafi sansanin Sayam Foraj, amma da yawa cikin gari suka shigo, gidajen dangi da kangaye.

Kawu ya riga ya yi ritaya daga koyarwa a lokacin. Wata safiya ya ƙirga yaran da ke wasa a ƙofar gidansa da ƙarfe tara, lokacin da ya kamata a ce suna aji, ya sami sama da talatin. Ya shiga gida ya fito da tsohon allonsa. Ni aka ba rabon arduwazi da ɗebo ruwa, kafin in wuce tawa makarantar da rana.

Makon farko ya fara yadda ya saba shekara talatin, da Faransanci. Shiru. Yara sun zuba masa ido kamar ana ruwa a wani gari. Cikinsu akwai ƴan Mobar na bakin kogi, akwai Buduma daga tsibirai, akwai Fulani, akwai kuma ƴan Damasak da Malam Fatori da suka ƙetaro daga Najeriya, waɗanda in ka nuna masu baƙin farko sai su kira shi da sunan Ingilishi. Layin nan na 1908 ya biyo su har cikin rumfa. Ran nan Kawu ya ajiye allin, ya zauna a tabarma, ya tambaye su da Barbarci sunan kifayen da suka sani. Kai, sai ga rumfa ta kaure! Yaron da muka ɗauka bebe ne ya lissafo fiye da goma. Da sunayen kifin nan aka fara koyon baƙaƙe. Daga nan tsarin ya zauna: Barbarci da Hausa tukuna, Faransanci a baki kaɗan-kaɗan, sai yaro ya iya haɗa baƙi sannan a ƙetara da shi. Daga baya na gano tsarin azuzuwan gaggawa na wata tara da wasu ƙungiyoyi ke yi a Mali da Burkina da Nijar haka yake, watanni biyun farko da harshen uwa. Kawu bai karanta wannan a ko'ina ba. Mutumin da ya taɓa kwana da sambol a wuya ne ya tuba.

Darasi na biyu ciki ne ya koyar. Da ƙarfe goma ta yi sai rumfa ta rage rabi, yara sun tafi neman abin kai wa baka. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Matan unguwa suka raba kwanaki, kowace da ranar da za ta dama kunu. Wani ɗan kasuwar tattasai ya ɗauki nauyin gero, har ranar da kasuwar ta mutu a hannunsa ya zo da kansa ya ba da haƙuri, idonsa cike da hawaye. A shafin wannan watan na ga Kawu ya rubuta kuɗin fanshonsa a layin gero. Watanni da yawa bayansa ma haka.

Darasi na uku takarda. Burin Kawu bai wuce ya kai yaro matsayin da makarantar gwamnati za ta karɓe shi ba. To amma wanda ya gudo da rigar jikinsa ina ya ga takardar haihuwa? Ya yi ta zirga-zirga ofis-ofis da tsufansa, wani lokaci a dace, wani lokaci a ce ya dawo gobe, goben da ba ta da rana.

Kada ku ɗauka labarin nasara nake ba ku. Akwai wata yarinya da ta fi kowa kai a rumfar, cikin wata huɗu ta iya karanta wasiƙa. Wata rana ba ta zo ba. Kawu ya je har bukkarsu, uban ya tarbe shi da mutunci, ya ce, "Malam, na san alheri kake nufi. Amma bakuna tara nake ciyarwa, gonata tana can inda ba na iya zuwa." An yi mata aure kafin ta cika sha biyar. Kawu bai zagi mutumin ba, ni ma yau ba zan zage shi ba. Sunanta na nan a kayen, an ja masa layi. Na ƙirga irin wannan layi, sun fi waɗanda aka rubuta wa "ya shiga lakwal" yawa. Amma waɗannan ma suna nan, har ɗaya daga cikinsu yana lise Idris Alawma yanzu. Ruwan Komadugu ya ci rumfar a ambaliyar 2019, aka sake kafa ta. Bayan gobarar azuzuwan zana ta Yamai da ta Maradi a 2021, inda yara sama da arba'in suka rasu, Kawu ya hana dama kunu kusa da ita, ya kuma buɗe mata ƙofa ta biyu.

Abin da na kai wa Kawu

Na koma na ce masa, Kawu, ka yi gaskiya, ban sami ko ɗaya ba. Tsangaya gari ya biya. Lakwal haraji da aikin tilas suka biya. Ta gwamnati, baitulmali da iyaye da malamin da ke jiran albashi. Taka kuma fanshonka da tukunyar matan unguwa. Duk wadda ta san mai biyanta ta daɗe, wadda ta ɓoye shi a bayan kalmar "kyauta" kuwa nauyin ya gangara kan wanda ya fi kowa rauni. Kuma ko an biya komai, in yaro bai ji abin da malam ke faɗi ba, an sayi rumfa ne kawai, ba a sayi karatu ba.

A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Na yi murna, da Hausa nake rubuta maku. Amma ni ɗan Bamangiya ne, kuma na ga yaron nan mai sunayen kifi. In muka shiga ajin farko a Boso ko Gueskeru muka hana shi Barbarci don Hausa, to mun sake sassaƙa sambol ne da itacen gida.

Idon Kawu ya fara rauni, kayen kuma saura shafi goma sha ɗaya. Rumfa ba maganin matsalar ƙasa ba ce, aikin gwamnati ne kuma dole mu ci gaba da tambayar ta. Amma kafin ta amsa, akwai yara a tabarma. Ba su da littafi ko ɗaya cikin harshen da suke mafarki da shi. Injin da ya buga wannan ɗan littafi da ke hannunka dala biyar yake karɓa a shafi. Mu da muka iya ƙa'idar rubutun Kanuri da Hausa da Fulatanci, in kowa ya rubuta tatsuniya ɗaya mai shafi huɗu da manyan baƙaƙe, ya biya kuɗin kwafi ashirin, jika biyu ke nan, kafin hutu za mu haɗa kwali guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni na riga na faɗa wa Kawu zan riƙe masa allin daga Yuli zuwa Satumba, ya kuma rubuta sunana a kayen, a layin da ya saba rubuta gero. Wanda ke da tatsuniya ya same ni bayan taron Asabar.